Jar Ƙwaya da 'Yar Rawaya: Me Ke Ƙara Jini, Me Ke Rage Shi?

Ranar awo kusan iri ɗaya ce a kowane ƙaramin asibiti, daga Kano har Damagaram. Mata a jere kan benci tun da sassafe, kowacce da katinta a hannu. A hau sikeli, a ɗaura abin gwajin hawan jini, sannan malamar asibiti ta ja fatar ido ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannu ta duba. In ta ga fari fat sai ta girgiza kai ta ce, "Hajiya, jininki fa ya yi ƙasa." A ƙarshe a miƙo 'yar leda da ƙwayoyi kala biyu: wata ja mai sulɓi, wata 'yar mitsitsiya rawaya. Kafin matar ta gama cire mayafi a gida, shawarwari sun riga ta isa. Uwar miji ta ce a dafa karan dafi. Maƙwabciya ta ce ai babu kamar lemon malt da madarar gwangwani. Maigida kuma ya biya kemis da daddare ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini mai ɗan karen tsada.

Duk waɗannan suna tafiya ne ƙarƙashin suna ɗaya, maganin ƙarin jini, kuma a ganina daga sunan nan ruɗanin ya faro. Yana sa a ɗauki jini kamar ruwan randa, in ya yi ƙasa a ɗebo a zuba. Alhali ko randar ce, ai sai an duba ko tsagewa ta yi kafin a sake komawa rijiya. Ƙwayoyi uku da aka fi ambata a wannan fage, wato jar nan ta sinadarin ƙarfe, da 'yar rawayar folik asid, da zink, kowacce da aikinta da lokacinta, ɗaya daga cikinsu ma ba maganin jini ba ce.

Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Najeriya a 2018, wanda ya bi gida-gida yana auna jini, ya samu ƙarancin jini a kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, da zarar abin ya kai kashi 40 ya zama babbar matsalar al'umma. Abin da ake aunawa shi ne himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Mace marar ciki in nata ya gaza giram 12 a kowace desilita, tana da ƙarancin jini. Ga mai ciki iyakar 11 ce. Ƙasa da 7 kuwa ya yi tsanani. Lambar PCV da aka fi rubutawa a katin asibitocinmu kusan ninki uku ce ta wannan, don haka 11 ya yi daidai da PCV 33. Matar da ke yawo da ƙarancin jini takan saba da shi har ta ɗauka halittarta ce: kasala, jiri in ta miƙe, haki in ta yi ɗan daka. Ranar naƙuda ake gane bambancin. Jinin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, shi wata za ta zubar a rasa ta, domin tun asali ba ta shigo da rara ba.

Ƙarfen da ake magana ba kinaya ba ne. Shi ne dai na maƙera, sai dai abin da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙusa guda, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwar kamar kwana 120, in sun tsufa saifa da hanta su farfasa su, su tsince ƙarfen su mayar wa ɓargo ya ƙera sababbi. Jiki ɗan gwangwan ne na gaske, ba ya yar da ƙarfe. Abin da namiji ke rasawa a rana bai fi miligiram 1 ba. Babbar hanyar asara ita ce jinin kansa ya fita, shi ya sa nauyin ya fi faɗawa kan mata: al'ada duk wata, sannan ciki, wanda shi kaɗai yake cin kusan miligiram 1,000 tsakanin jariri da mabiyiya da ƙarin jinin uwa da abin da za a zubar wajen haihuwa. Matar da ta yi kwanika ta shiga sabon ciki ne da rumbun da ba a sake cikawa ba.

Abincinmu kuma yana da ƙarfe, amma a kulle. Gero da dawa da wake ba matalauta ba ne a wannan fanni, sai dai suna ɗauke da wani sinadari, faitet, da ke riƙe ƙarfe da zink ya hana hanji tsotse su. Daga ƙarfen nama da hanta da kifi jiki yakan ɗauki kashi 15 zuwa 35 cikin 100. Daga na hatsi da ganye sau da yawa ko kashi 10 ba ya samu. Shayi bayan abinci yana ƙara rufe ƙofar. Abin da ke buɗe ta shi ne bitamin C, irin na gwaba da lemon tsami da ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka, da kuma jiƙa hatsi a bar shi ya yi tsami kamar yadda ake yi wa kamun koko, domin tsamin yana karya faitet. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma hannunsu ya san aikin. Sai dai akwai wata tambaya da ba ta ɗakin gwaji ba: tsokar nama biyun da ke cikin miya, kwanon wa suke faɗawa? A gidaje da yawa amsar ita ce kwanon wanda ya fi kowa ƙarancin buƙatar ƙarfe.

Malt da madara kuwa daɗi ne da ƙarfin jiki na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, sinadarin kalsiyam na madara ma rage tsotsar ƙarfe yake yi. Karan dafi da zoɓo launinsu ne ya jawo musu suna. Jan karan dafi na rini ne, shi ne wanda dukawa ke rina fata da shi.

To ko da an cika kwano da hanta, ba duk ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba, kuma nan ne maganar ta fi nauyi a ƙasarmu. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye. Tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, tana maƙale a hanji tana zuƙar jini kullum. Tsargiya tana fitar da shi ta fitsarin yaran da ke wanka a kududdufi da magudanan noman rani. Ga kuma sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. An daɗe ana cewa rabin ƙarancin jini a duniya daga rashin ƙarfe yake. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken ƙasashe 23 ya sauko da lissafin zuwa kusan kashi 25 cikin 100 a ƙananan yara da kashi 37 a mata, kuma rabon ya fi raguwa a inda cututtuka suka yi katutu. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini ma ƙarfe yawa yake yi masa, yana taruwa a hanta da zuciya, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. Kwalbar maganin ƙarin jinin da dangi suka kawo masa dubiya da kyakkyawar niyya na iya zama cuta.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a tsibirin Pemba na Zanzibar. A can aka yi wani babban gwaji da yara sama da 24,000 'yan ƙasa da shekara uku, aka ba wasu ƙarfe da folik asid kullum, wasu aka haɗa musu da zink, wasu zink kaɗai, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta. Pemba wuri ne da sauro ba ya hutu. A 2003 aka dakatar da ɓangaren ƙarfen kafin lokacinsa, domin an ga yaran da ke shan sa sun fi sauran kwanciya asibiti. Da aka buga sakamakon a 2006, haɗarin mutuwa ko rashin lafiya mai kai yaro gadon asibiti ya fi da kashi 12 cikin 100 a wajensu. Irin wannan gwaji a kudancin Nepal, inda zazzaɓin ba shi da ƙarfi, bai nuna wannan illa ba. Da aka duba wani rukuni na yaran Pemba da kyau, sai aka ga waɗanda da gaske suke da rashin ƙarfe sun amfana. Waɗanda ba sa buƙatarsa ne abin ya fi taɓawa.

Dalilin ya fito fili ne da aka gano wani sinadari da hanta ke yi, hefsidin, a wajajen 2000 zuwa 2001. Shi ne mai gadin ƙofar ƙarfe. Ƙwayoyin cuta ma ƙarfe suke nema su hayayyafa, don haka da zarar zazzaɓi ko wata cuta ta shiga, hanta takan ƙara hefsidin, a rufe ƙofar hanji, a kulle ƙarfen da ke ajiye, kamar yadda gari ke rufe ƙofofin ganuwa in an ji ƙurar mahara. Ɗura wa yaro mai zazzaɓi ƙarfe a wannan hali aikin banza ne a mafi sauƙi, domin ba zai shiga ba, wanda ya rage a hanji kuma ya ciyar da miyagun ƙwayoyin cuta. In kuma ƙarfen ya shiga ɓargo ya fara fitar da sababbin ƙwayoyin jini, to su ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi so.

Wannan bai sa aka haramta ƙarfe ga yara ba, kuma kuskure ne a fahimce shi haka, domin rashin ƙarfe a shekarun farko yana taɓa ƙwaƙwalwa da kaifin fahimta. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a ba da shi a yankunan sauro tare da rigakafin zazzaɓin da gwajinsa da maganinsa. Gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a damina a arewacin Najeriya da Nijar, da maganin tsutsa, duk magungunan ƙarin jini ne, ko da ba a rubuta haka a jikinsu ba. Yaron da ya yi fari yana zazzaɓi gwaji yake buƙata kafin komai. Ledar jar ƙwayar uwa kuma a rataye ta inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa: tana kama da alewa, kuma cin hannu guda nata na iya kashe ƙaramin yaro.

Ga mai ciki lissafin ya fi sauƙi, domin buƙatarta ta wuce abin da tuwo zai iya bayarwa. Shawarar ita ce miligiram 30 zuwa 60 na tsantsar ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kullum, a fifita 60 a inda ƙarancin jini ya yawaita irin namu, a kai 120 in gwaji ya tabbatar tana da shi, har jinin ya dawo. Jar ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 200 tana ɗauke da tsantsar ƙarfe kamar 65 ne, sauran nauyin gishirin da aka haɗa shi da shi ne. Maganin yana da araha kuma yana aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne shan sa. A binciken 2018 ɗin nan, kusan mace ɗaya cikin uku ce kawai ta sha ƙwayar na kwana 90 ko fiye a cikinta na ƙarshe.

Ban ga laifin matan ba sosai. Ƙwayar tana tayar da zuciya, tana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, tana taurara bayan gida ta mayar da shi baƙi ƙirin, kuma a layin mutum ɗari malamar asibiti ba ta da minti biyun da za ta ce, "Yaya, in kin ga baƙi kada ki tsorata, alamar maganin ce, in yana tayar miki da zuciya ki sha da daddare bayan abinci, kada dai ki haɗa shi da shayi ko madara." Inda bayani bai je ba, jita-jita ce ke zuwa: wai ƙwayar tana girmar da ɗa ya gagara fita, wai tana sa jini ya yi yawa ya ɓalle wajen haihuwa. Na biyun nan juyin gaskiya ne, domin mai ƙarancin jini ita zubar jinin ta fi yi wa barazana. Masu bincike a Zurich sun nuna a 2015 da 2017 cewa ƙwaya ɗaya mai ƙarfi tana ɗaga hefsidin na kusan kwana guda, har ta kai shan ta rana ɗaya a tsallake ɗaya yana sa jiki ya tsotsi kaso mafi girma daga kowace ƙwaya. A kan mata marasa ciki aka yi wannan aiki, kuma shawarar masu ciki tana nan a kan kullum, amma ga wadda ta kasa jurewa, zance ne da ya kamata ta kai wa likita maimakon ta cusa ledar a ƙarƙashin katifa.

Akwai kuma ƙarfen da ake sakawa ta jijiya a zama ɗaya. An gwada shi a gida: wani gwaji a asibitocin Legas da Kano, ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi tare da Farfesa Hadiza Galadanci, ya kwatanta shi da jar ƙwaya a mata masu ciki sama da 1,000, aka buga sakamakon a 2024. Na jijiyar ya fi cika rumbun ƙarfe a jiki, amma yawan matan da suka kai ƙarshen ciki da ƙarancin jini kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. An zuba musu ƙarfe har cikin jijiya, fiye da rabinsu kuma jinin bai kai ma'auni ba. Ban san hujjar da ta fi wannan nuna cewa randar tana da wata tsaga ba.

'Yar rawayar tana da nata tarihin. A 1928 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta je Bombay ta binciki wani ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, musamman matalauta ma'aikatan masaƙu. Ƙarfe bai yi musu magani ba. Ƙwayoyin jininsu ma manya ne, ba ƙanana irin na mai rashin ƙarfe ba. A 1931 ta ba da rahoton cewa Marmite, wani abin shafa wa burodi da ake yi da yis, yana warkar da su. Sai a 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyahun Turai, aka raɗa masa suna folik asid daga kalmar Latin mai nufin ganye. Aikinsa taimaka wa ƙwayoyin halitta su rabu su yawaita, shi ya sa ɓargo da ɗan tayi suka fi kowa jin rashinsa. Yana cikin ganyaye da wake da gyaɗa da hanta, sai dai doguwar dahuwa tana kashe shi, mu kuwa miyarmu sai ta yi lugub.

Babban aikin folik asid a yau ya wuce jini. Laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna farawa ne kamar shimfiɗa, sai ta naɗe ta rufe ta zama bututu. In rufewar ba ta kammala ba, sai a haifi jariri da ƙulli a gadon baya, ƙafafu a shanye, ko kuma ƙoƙon kai a buɗe wanda ba ya rayuwa. Wani gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna a 1991 cewa folik asid ya rage maimaituwar wannan larura da kashi 72 cikin 100 a matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri. Amma bututun yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace take cewa ko dai ɓatan wata ne. A wajenmu kuma ciki abin ɓoyo ne, na fari ma abin kunya, ba a zuwa awo sai ya fito ya kai wata biyar ko shida. Ƙwayar da aka ba ta a ranar tana taimakon jini, amma ga laka an yi latti da watanni. Amurka ta kauce wa wannan matsala ta hanyar wajabta zuba folik asid a fulawa daga 1998, don kowace mace ta samu kafin ta san tana buƙata.

Mu muna da wata ƙofa da ba mu lura da ita ba. Amarya takan shafe makonni ana gyara ta, dilka da halawa da turare da kazar amarci, ba wanda ke tuna ƙwayar da kuɗinta bai kai na lalle ba. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, masu niyyar aure suna zuwa asibiti da ƙafarsu a duba rukunin jininsu saboda sikila. Wadda aka ɗebi jininta a ranar, me zai hana a auna himogulobin ɗinta, a kuma miƙa mata folik asid ta fara tun kafin a kai ta ɗaki? Ghana ta fara raba wa 'yan mata ƙwayar ƙarfe da folik asid sau ɗaya a mako ta makarantu a 2017. Yarinyar da ba ta boko a nan, ai tana islamiyya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne girman 'yar rawayar. Wadda ta cika kemis da asibitocinmu mai miligiram 5 ce, fiye da ninki 12 na abin da mai ciki take buƙata. Da ba don sauro ba da sai a ce ba komai. Amma Fansidar ɗin da ake ba mai ciki ƙwaya uku ta haɗiye a gaban malamar asibiti, daga wata na huɗu, yana aiki ne ta hanyar toshe wa ƙwayar zazzaɓi hanyar sarrafa wannan sinadari na folik. In jinin uwa ya cika da shi, an buɗe wa ƙwayar cutar ƙofar baya. Wani gwaji a yammacin Kenya ya nuna miligiram 5 yana rage ƙarfin maganin, 0.4 kuwa ba ya ragewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa mai 5 ɗin da shi. Ke nan a leda ɗaya ana iya ba mace magani da abin da ke karya shi. Mai miligiram 5 ɗin yana da masu shi: mai sikila, da wadda ta taɓa haifar jariri mai larurar laka, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya, kuma likita ne zai tsara musu. Yana kuma iya gyara jinin wanda ainihin matsalarsa rashin bitamin B12 ce, jinin ya yi kyau a takarda alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa.

Zink, wanda tsofaffin ƙamusoshin Hausa ke kira tutiya, ya shigo wannan jeri ne ta wata hanya. Wani likita haifaffen Indiya, Ananda Prasad, ya gamu a Shiraz ta Iran da samari 'yan shekara ashirin masu jikin yara 'yan goma, ba su balaga ba, jininsu ya yi ƙasa, abincinsu gurasa ce zalla, kuma suna cin ƙasa. Ya bayyana su a 1961, ya ci gaba da aikin a Masar, inda a 1963 aka tabbatar da rashin zink a irin waɗannan samari. Ƙarfe ya gyara jininsu. Tsawo da balaga kuwa zink ne ya kawo su. Rashin biyun yakan zo tare domin tushensu ɗaya, hatsi mai faitet ba nama, amma kowanne da ɓarnarsa. Cin ƙasar nan ma mun san shi: mai cikin da ke kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara sau da yawa rashin ƙarfe ne ke magana, ƙasar kuma tana ƙara riƙe ɗan abin da ta ci.

Inda zink ya yi suna da hujja shi ne gudawar yara. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Yana narkewa a cokalin nono ko ruwa. Yana gajarta gudawar, yana kuma rage dawowarta cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa, kuma saboda wannan na biyun ne ake cewa a cika kwanakin ko da cikin ya tsaya a rana ta uku. A nan ake yawan faɗuwa, uwa ta ga sauƙi ta ajiye sauran, ko tun farko a ce ai haƙori ne, a sayo Flagyl. Babba mai lafiya da ya mayar da zink abin sha kullum, kamar yadda aka yi ta yi lokacin korona a 2020, ya sani cewa wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, rashin tagulla kuma ƙarancin jini yake haifarwa.

Yanzu ana ta komawa ga ƙwaya ɗaya mai sinadarai 15 ga masu ciki, wadda ta haɗa ƙarfe miligiram 30, folik asid 0.4, zink 15, da sauran bitamin. Gwaje-gwaje da dama, har da wanda aka yi a karkarar Nijar, sun nuna ta fi jar ƙwaya da rawaya rage haihuwar jarirai marasa nauyi, kuma ta shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021. Ina ganin ci gaba ne, ko ba komai ta raba mu da rikicin miligiram 5. Sai dai ta rigakafi ce. Matar da ta zo da PCV 24 ba za ta warke da miligiram 30 ba.

Ƙara sinadarai a abincin masana'anta, wanda Najeriya ta wajabta tun 2002 a fulawa da sukari da man girki, yana isa ga mai cin burodi da taliya. Matar ƙauye da ke auna gero daga rumbunta ta aika inji ba ta cikin lissafin. Ita abin da zai kai gare ta sai ya biyo ta gona, irin geron Chakti mai yawan ƙarfe da aka fitar a Nijar a 2018. Akwai ma abin da ba ya cin ko sisi: ungozoma ta dakata minti ɗaya zuwa uku kafin ta ɗaure cibiya. Jinin da ke gangarowa daga mabiyiya a wannan ɗan lokaci guzurin ƙarfe ne da jariri zai ci har wajen wata shida, domin nonon uwa, duk da albarkarsa, ba shi da ƙarfe mai yawa.

Al'adarmu ta san mai jego ta yi asarar jini, shi ya sa ta tanadar mata gasasshen nama da yaji da farfesun ƙauri. Naman da ba ta gani ba wata tara tana ɗauke da ciki, yanzu ga shi a gabanta har ta ture. Jar ƙwayar kuwa ranar haihuwa ake sallamarta, a ce ai an sauka lafiya. Shawarar likitoci ita ce a ci gaba da ita mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wadda aka yi wa maganin ƙarancin jini kuma ta ƙara kamar wata uku bayan lambar ta dawo daidai, domin jini ne ke fara cika kafin rumbu. Mako shida shi ne kwana arba'in ɗin wanka da ɗan ɗori. Ranar da mai jego ke haɗa kayanta ta koma ɗakin miji, a lissafin ɓargonta aikin bai fi rabi ba.